Amfilifaya mai bawul: nemi mai gyara kafin ka nemi mai sayarwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin samarinmu masu kaɗa jita, daga Nima da Mamobi har Aboabo da Asawase: wai duk wanda bai mallaki amfilifaya mai bawul ba, wasan yara yake yi, bai fara kiɗan bulus ko rok ba tukuna. A Facebook da YouTube suka tsinci maganar, kuma ta shiga kansu sosai. Akwai wanda ya shekara yana tarin sidi, akwai wanda ya dami yayansa da ke Bronx ko Hamburg da waya a kan a sa masa ɗaya cikin kwantena. Ni kuwa na ce maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabi aka faɗa musu. Ɗaya rabin, wanda ya shafi wutar gidanmu da maƙwabtanmu da aljihunmu, babu Baturen da zai faɗa maka shi a bidiyo, domin ba a zango yake kwana ba.

Bari mu fara da abin kansa, saboda mai karatu da bai taɓa leƙa cikinsa ba. Bawul wata 'yar kwalba ce kamar ƙwan fitila, an zuƙe iskar cikinta, an shirya ƙananan ƙarafa a ciki. Idan ta yi zafi, ɗan siginar da ya fito daga jita shi ke sarrafa wuta mai ƙarfi da ke ratsa ta, ta haka ƙaramin sauti ke zama babba. Lee de Forest ne ya fito da irin wadda ke ƙara sauti a Amurka a 1906, kuma da ita rediyon kakanninmu ya yi aiki. A 1947 aka ƙirƙiro taransista, ƙarami, mai araha, ba ya zafi sosai, ba ya fashewa. Sannu a hankali ya kori bawul daga rediyo da talabijin da kwamfuta. Ɗaya daga cikin wuraren da ya kasa korar ta gaba ɗaya shi ne bayan mai jita.

Dalilin kuwa abin dariya ne: aibin bawul shi ya zama adonta. Idan aka matsa mata fiye da ƙarfinta, ba ta datse sauti farat ɗaya kamar yadda taransista mai sauƙin haɗi ke yi. A hankali take lanƙwasa shi, sai ka ji muryar jitar ta yi kauri, ta ɗan dusashe, ta daɗe tana jan numfashi. Injiniyoyin farko gyara wannan suke ta ƙoƙarin yi. Makaɗa baƙaƙen fata na Amurka su suka ce a bar musu kayansu haka. Muddy Waters ya bar Mississippi zuwa Chicago a 1943, ya tarar jitar katako ba ta jiyuwa a cikin hayaniyar gidajen rawa, ya koma ta lantarki. Amfilifayoyin lokacin ƙanana ne, dole a murɗe su har ƙarshe, daga nan wannan dusashewar ta zama muryar bulus ɗin Chicago. Labarin da aka saba bayarwa game da waƙar Rocket 88 ta 1951 ma shi ne amfilifayar mai jitar ƙungiyar Ike Turner ta lalace a hanyar Memphis, aka cusa mata takarda, aka ɗauki waƙar a haka. Wannan Ike Turner ɗin shi ne ya zo Accra tare da Tina a ranar 6 ga Maris 1971, bikin Soul to Soul a dandalin Black Star, inda Santana da Wilson Pickett ma suka yi wasa. Dattawanmu da suka halarta suna nan da ransu, a tambaye su.

Kuma kunnenmu ba baƙo ba ne a wannan harka. Kuntigi irin na Ɗan Maraya Jos yana da ɗan ƙarfe mai zobba a wuyansa domin ya riƙa kaɗawa tare da tsirkiya. Masu kiɗan gyil na Dagaaba a arewa maso yammacin ƙasar nan suna huda ƙoƙunan da ke ƙarƙashin katakon, su lulluɓe hudar da siririn abu domin sautin ya riƙa zuga. Mu dama ba mu son sauti tsirara. Shi ya sa yaron zango da ya ji jita tana kuka ta cikin bawul yakan ji kamar ya san muryar tun da.

A watan da ya wuce wani abokina mai shigo da kayan kiɗa ya ba ni aron wata sabuwa fil na mako biyu, ya ce in gwada in faɗa masa gaskiya. Mai wat 15 ce, bawul biyu EL84 a ɓangaren ƙarfi, uku 12AX7 a ɓangaren shigar sauti, da lasifika guda mai inci 12. Abin da aka fara koya mini shi ne haƙuri: ka kunna, ka jira wajen rabin minti kafin ta yi zafi ta yi magana. A lamba 3 muryarta garau take, irin wadda za ta dace da hailaif. Daga lamba 5 zuwa 6 nan abin yake. In na shafi tsirkiya a hankali, sai ta amsa a hankali, tas. In na danna da ƙarfi, sai ta yi gurnani. Ban taɓa maɓalli ko ɗaya ba, hannuna ne kawai ya canza. In na rage murfin sauti na jikin jitar zuwa 6 ko 7, gurnanin ya kwanta, in na buɗe ya dawo. Wallahi wannan ba tatsuniya ba ce, kuma shi ne abin da masu bawul ke nufi idan suka ce tana da rai. Ga mai bulus, wanda rabin maganarsa a yatsa take, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma a wannan lamba 6 ɗin, ƙofar ɗakina rawa take yi. Kwana na biyu wata dattijuwa da muke gida ɗaya ta ɗaga labule ta ce, "Ɗana, wannan abu naka ba shi da ƙaramar murya ne? Jikata ta kasa barci." Na ce, "Yi haƙuri Hajiya, yanzu zan kashe." Gaskiyarta ce. Kuma tambayar da ta yi ita ce babbar tambayar da ya kamata kowane mai saye ya yi, domin daɗin bawul yana fitowa ne a inda aka matsa mata, inda aka matsa mata kuwa akwai ƙara.

Nan ne lissafin wat ke yaudarar mutane. Yaro zai ce wat 15 ai kaɗan ne, shi 100 yake so irin na Jimi Hendrix. Abin da bai sani ba, kunne ba ya lissafi irin na kasuwa. Kafin ka ji ƙara ta ninka sau biyu, sai ka ninka wat kusan sau goma. Tsakanin wat 50 da wat 100 bambancin desibel 3 ne kacal. Lasifikar jita mai inci 12 kuwa, da wat ɗaya tak tana iya ba da desibel 97 zuwa 100 ga wanda ke tsaye mita ɗaya a gabanta. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, wato a desibel 100 minti 15 ne rabonka a yini. Manyan Marshall masu wat 100 an yi su ne a tsakiyar shekarun 1960 saboda irin su Pete Townshend na ƙungiyar The Who, a zamanin da babu manyan lasifikokin taro da za su ɗauki jita zuwa bayan fili. Shi kansa Townshend ya daɗe yana fama da ciwon kunne, bai ɓoye ba. Yau kowane mai hayar kayan biki yana da makirfo da zai ajiye a gaban ƙaramar amfilifaya ya kai ta ko'ina.

Ka haɗa wannan da yadda muke zaune. Gidan haya mai ɗaki goma, katanga ɗaya tsakaninka da mai jego, masallaci a bakin lungu. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Ghana a unguwannin zama desibel 55 ce da rana, 48 da dare. A Accra kuma kowace shekara akwai wata guda da masarautar Ga ke hana kiɗa da hayaniya kafin bikin Homowo. Wanda ya sayi mai wat 100 a irin wannan wuri, ya sayi doki ne ya ɗaure a ɗaki. Zai ƙare yana kaɗawa a lamba 1, inda bawul ba ta fi rediyon mai shayi daɗi ba. Mai wat 5 ta ishi ɗaki har ta yi yawa. Mai wat 15 zuwa 20 ta isa tsayawa kusa da mai ganga a kowane biki.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi cin kuɗin mutane. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Kayan da ɗan'uwa ya aiko daga New York, in ka soka shi kai tsaye a bango, taransifomarsa ta tafi kafin ka ce kwabo, kuma ita ce mafi tsada a cikin akwatin. Dole sai da taransifomar rage wuta, mai ƙarfin da ya zarce abin da amfilifayar ke ja, ba irin 'yar ƙaramar da ake cajin aski da ita ba. Wanda zai yi saƙo, gara ya yi daga Ingila ko Jamus, inda wutarsu ta yi daidai da tamu. Ko wadda aka ba ni aro, da yake ta 230 ce, na lura da magariba idan unguwa ta kunna komai wuta ta ja baya, muryarta takan yi laushi ta rasa kuzari, sai dare ya raba ta dawo daidai. Mun ga dumsor na 2014 zuwa 2016, mun san yadda wuta ke dawowa da hauka bayan an ɗauke. Janareton biki ma ba shi da alƙawari. Saboda haka kuɗin sitabilaiza mai kyau yana cikin kuɗin amfilifaya, kada ka raba su a lissafi.

Akwai kuma abin da ya wuce asarar kuɗi. Tsirkiyar jitar lantarki a haɗe take da jikin amfilifaya, jikin amfilifaya kuma ya dogara da wayar ƙasa, wato ƙafa ta uku ta fulogi. Gidajenmu nawa ne ke da wayar ƙasa ta gaskiya? Sau nawa muka ga an karya ƙafa ta uku, ko an tura waya tsirara da tsinken ashana? Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya mutu a kan dandamali a Swansea a 1972, ya taɓa makirfon da ba a haɗa da ƙasa ba. Keith Relf, mawaƙin Yardbirds, wuta ta kashe shi a gidansa a 1976 yana riƙe da jita. A cikin akwatin kuwa akwai bolt 300 zuwa 500, kuma kwandansa tana riƙe wuta ko bayan an cire fulogi. Don Allah samari, wannan ba wayar salula ba ce da za ka buɗe da sukudireba kana kallon bidiyo. Haka nan kada a kunna ta ba tare da lasifika a haɗe ba, domin taransifomar fitar da sauti tana iya ƙonewa.

Bawul kuma tana tsufa, kamar tayar mota. Na ɓangaren ƙarfi su ke fara gajiya, kuma ana canza su ne biyu biyu waɗanda aka auna suka yi daidai. A wasu amfilifayoyin sai mai gyara ya sake saita yawan wutar da ke ratsa su bayan canji, in ba haka ba su yi ja su mutu da wuri. Daga ina sababbin ke zuwa? Masana'antun da suka rage a duniya ba su da yawa: akwai ta Saratov a Rasha, akwai JJ a Sulobakiya, sai wasu a Sin. A watan Maris 2022, bayan yaƙin Yukiren ya ɓarke, Rasha ta hana fitar da jerin kayayyaki, bawul na ciki, nan take farashi ya tashi, shaguna a Amurka da Turai suka shiga taƙaita sayarwa. In mai shago a London ya rasa, ina ga mai jita a Tamale?

Wani zai ce to ai ka kashe kasuwar, sai mu koma taransista. Ga mutane da yawa, e, hakan ya fi, kuma ba abin kunya ba ne. B.B. King, wanda ake kira sarkin bulus, ya shekara da shekaru yana kaɗawa ta Lab Series L5, wadda babu bawul ko ɗaya a cikinta. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, waƙoƙinsa kuma ta katin waya suka zaga Sahel kafin Turawa su san shi. Bombino ya yi suna a bukukuwan Agadas tun kafin Dan Auerbach ya kai shi Nashville su yi faifan Nomad wanda ya fito a 2013. Ali Farka Touré daga Niafunke ya ci Grammy da Talking Timbuktu, kuma ba wanda ya tambayi abin da ke cikin akwatinsa. Tun da Line 6 ta fito da POD a 1998, na'urorin da ke kwaikwayon bawul da lissafin kwamfuta suke ta gyaruwa, har ta kai a cikin faifai ƙwararru ma na rikicewa. Wanda jita ce abincinsa, yau suna a Ashaiman gobe biki a Kasoa, kaya a bayan tirotiro ana ta girgiza, ƙura da zafi da janareto, wallahi taransista ko na'urar kwamfuta ce abokiyar tafiyarsa. Ba ta da nauyi, ba ta da kwalbar da za ta fashe, kuma da dare ya sa abin kunne ya yi atisaye ba wanda ya ji.

Duk da haka ba zan ce bambancin babu shi ba. Mai sauraro a bayan fili ba zai ji ba. Mai kaɗawa shi ke ji, a yatsunsa, kuma abin da mai kaɗawa ya ji yana canza yadda yake kaɗawa. Bawul ba ta rufa wa kowa asiri: in hannunka na rawa za ta faɗa, in ya nuna za ta faɗa. Saboda haka wanda ya riga ya iya, yana da wurin da zai buɗe ta, yana da halin kula da ita, ya saya, ba zai yi da-na-sani ba. Wanda bai gama koyon lanƙwasa tsirkiya ta sauka daidai kan murya ba, kuɗin da zai isa sayen babur na hannu gara ya kashe kaɗan daga ciki wajen malami da sababbin tsirkiyoyi. Akwati ba ya koya wa mutum bulus.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarihin mutanen da sunayensu ke jikin waɗannan akwatuna. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a Fullerton ta jihar Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba. Makaɗa ne ke kawo masa kayansu gyara, yana sauraron kukansu, har ya fara ƙera nasa. Jim Marshall mai ganga ne da ke da shago a Hanwell, yammacin London. Samari masu jita suka dame shi cewa kayan Amurka sun yi tsada, sai shi da ma'aikatansa suka ɗauki Fender Bassman, wadda asali don jitar bes aka yi ta, suka kwaikwayi haɗinta da kayan da suke iya samu a Ingila. A 1962 JTM45 ta fito. Da yake bawul ɗin farko da lasifikokin da akwatin duk sun bambanta, muryar ta fito daban, kuma wannan muryar ce Eric Clapton ya ɗauka a faifansa da John Mayall a 1966, ta zama muryar rok. Tsadar kayan waje ita ta haifi Marshall. Mu kuwa tsadar kayan waje kuka kawai take haifa mana.

Alhali haɗin ƙaramar amfilifaya mai wat 5 irin Fender Champ bai kai na tsohon rediyo wuya ba: bawul uku, taransifoma biyu, lasifika, da 'yan kwandansa da rezisto da ba su cika tafin hannu biyu ba. Zanen haɗin yana nan a intanet kyauta. Muna da masu rewaya da ke naɗa kwayil ɗin fanka da injin niƙa kullum, muna da masu lanƙwasa ƙarfe a Suame Magazine, muna da kafintoci, muna da masu sayar da kayan lantarki a Zongo Lane. Abin da ke shirin ɓacewa shi ne ilimin bawul ɗin kansa. Na kai wadda aka ba ni aro wurin wani tsoho da ya yi gyaran rediyo tun zamanin Nkrumah, don kawai ya gani. Ya leƙa bayanta, ya kira sunan kowace kwalba ba tare da ya sa tabarau ba, ya ce, "Yaro, ai wannan aikinmu ne na da. Shekara nawa ba wanda ya kawo mini irinta." Na ce, "Baba, akwai wanda ka koya wa?" Ya ce duk sun koma gyaran waya.

Ba laifin yaran ba ne, inda abinci yake nan suka bi. Amma idan masu jita goma a Accra da Kumasi za su kashe dubban sidi a kan kayan da babu mai taɓa su in sun lalace, to akwai abinci a nan ma. Shawarata ga ƙungiyoyin matasan zango da masu ɗakunan ɗaukar waƙa ita ce su nemo irin waɗannan dattawa tun suna raye, a haɗa su da yaro ɗaya ko biyu masu kan lantarki, a biya su kuɗin koyarwa, a fara da gyara, daga baya a gwada haɗa ƙarama mai wat 5 da aka naɗa wa taransifoma daidai da wutarmu. Ta farko ba za ta yi kyau ba. Ta biyar za ta yi. Bawul ɗin dai dole a shigo da ita, sauran duka hannunmu na iya yi.

Ga mai shirin saye kuwa, tambayoyi huɗu zai yi kafin ya taɓa aljihu. Ta bolt nawa ce? Wat nawa, kuma a ina zan buɗe ta? Wace irin bawul take ci, kuma ana samunta? Wa zai gyara mini in ta yi shiru? In mai sayarwa ya kasa amsa ta ƙarshe, kai ma ba ka san amsar ba, ka riƙe kuɗinka tukuna. In gwanjo ce daga Tema, ka je da jitarka da mai gyaranka, a kunna ta a bar ta ta yi rabin awa, a saurari ko tana huci ko tana ƙara kamar ana taka busasshen ganye, a duba ko wata kwalba ta yi fari a ka, alamar iska ta shige ta.

Allah ya sa mu dace, ya kuma ba maƙwabtanmu haƙuri da mu.